Yarinta a Ƙarƙashin Tamfol: Nazari a kan Agajin Jinƙai ga Yaran Rohingya a Sansanonin Cox's Bazar

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi agajin jinƙai da ake bai wa yaran Rohingya 'yan gudun hijira a gundumar Cox's Bazar ta ƙasar Bangladesh, daga watan Agusta na 2017 zuwa tsakiyar 2025. Ta bi sawun lafiya da abinci da karatu, domin gano inda agajin ya yi abin a yaba da inda ya gaza. Matsayar maƙalar ita ce an gina agajin a kan zaton cewa zaman na ɗan lokaci ne, ana roƙon kuɗinsa shekara-shekara, alhali yaran da ake yi dominsu a cikin sansanin suke girma. Tsarin ya ƙware wajen hana yaro mutuwa, amma bai tanadi yadda za a raine shi ba, shi ya sa duk sa'ad da kuɗi ya ja baya makaranta ce ke fara shan wuya.

Gabatarwa



A kudu maso gabashin Bangladesh, a ƙananan hukumomin Ukhiya da Teknaf, akwai sansanoni 33 da ke ɗauke da 'yan Rohingya fiye da miliyan ɗaya. Sama da rabinsu yara ne. Mafi girman matsugunin shi ne na Kutupalong da Balukhali, inda mutum fiye da 600,000 suka cunkushe a fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 13, kuma babu sansanin 'yan gudun hijira da ya kai shi girma a duniya. Jaririn da aka goyo aka haye Kogin Naf da shi a 2017 yau ya kai shekarun da ya kamata a ce ya yi nisa a firamare. Waɗanda aka haifa bayan isowar, kuma ana haihuwar kimanin 30,000 duk shekara, ba su taɓa ganin Myanmar ba. Tambayar da maƙalar nan ta sa a gaba ita ce: me agajin ya yi wa waɗannan yara, me kuma yadda aka tsara shi ya hana shi yi musu?

Yaro marar ƙasa

Ba a fahimtar halin da yaron sansanin yake ciki sai an koma jihar Rakhine ta yammacin Myanmar, inda iyayensa suka fito. 'Yan Rohingya Musulmi ne a ƙasar da mafi yawan jama'arta mabiya addinin Buda ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1982, wadda gwamnatin soja ta Janar Ne Win ta kafa, ta jingina cikakken 'yancin ɗan ƙasa ga ƙabilun da hukuma ta amince da su, kuma babu Rohingya a cikin jerin ƙabilu 135 da hukuma ke lissafawa. Daga nan takura ta biyo baya: sai da izini za a yi tafiya daga gari zuwa gari, sai da izini za a yi aure, a Maungdaw da Buthidaung har an taɓa ƙayyade wa ma'aurata haihuwar 'ya'ya biyu. Bayan rikicin 2012, wanda ya jefa kimanin mutum 140,000 cikin sansanoni, galibi a kewayen Sittwe, aka hana ɗaliban Rohingya shiga jami'ar garin.

Gudun hijirar 2017 ba shi ne na farko ba. A 1978 kimanin mutum 200,000 sun tsallaka Bangladesh, a 1991 zuwa 1992 wasu kimanin 250,000 suka bi bayansu. An mayar da akasarinsu, amma ragowar na biyun suna nan a tsofaffin sansanonin Kutupalong da Nayapara, kuma waɗanda aka haifa a can a wancan lokaci yanzu su ma iyaye ne. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai tsara agaji a 2017 ya yi shakkar duk wani lissafi da ke cewa za a koma gida nan da shekara ɗaya ko biyu.

Ranar 25 ga Agusta 2017 mayaƙan ƙungiyar 'yan Rohingya ta ARSA suka kai hari a kan ofisoshin 'yan sanda kimanin 30. Martanin sojojin Myanmar ya faɗa ne a kan ƙauyuka: ƙone-ƙone, kisa, fyaɗe. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ƙiyasta cewa a watan farko kaɗai an kashe aƙalla mutum 6,700, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar aƙalla 730. Fiye da mutum 700,000 suka tsere cikin 'yan watanni. Kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Marzuki Darusman ya ba da shawara a 2018 cewa a gurfanar da manyan hafsoshin sojan bisa zargin kisan ƙare-dangi. A watan Nuwamba na 2019 ƙasar Gambiya, da goyon bayan Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, ta shigar da ƙara a Kotun Duniya da ke Hague, ministan shari'arta na lokacin Abubacarr Tambadou ne ya jagoranci lamarin. Abin lura ne cewa ƙaramar ƙasa daga Afirka ta Yamma ce ta ɗauki wannan nauyi, manyan da ke maƙwabtaka da Myanmar suna kallo.

Bangladesh ta buɗe iyakarta, kuma wannan karamci ne da bai kamata a raina ba daga ƙasar da ita kanta cunkoso ya yi mata yawa. Sai dai ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba, kuma a takardunta waɗanda suka iso a 2017 'yan ƙasar Myanmar ne da aka tilasta wa barin gida, ba ta ba su matsayin 'yan gudun hijira a hukumance ba. Abin da wannan matsayi ya haifar a aikace shi ne ginshiƙin duk bayanin da zai biyo baya. Ba a yarda a yi gini mai ɗorewa ba, sai bukkar gora da tamfol. Ba a yarda magidanci ya yi aikin albashi a waje ba. Ba a yarda yaro ya shiga makarantar gwamnati ba. Dalilin gwamnati a fili yake: duk abin da zai sa zaman ya yi kama da na dindindin zai rage matsin lamba a kan Myanmar ta karɓi mutanenta, ya kuma jawo wasu su ƙetaro. Yaron da aka haifa a sansanin, saboda haka, Myanmar ba ta lissafa shi, Bangladesh ba ta ba shi takardar ɗan ƙasa.

Watannin farko

Ya kamata a yi adalci ga ma'aikatan agaji, domin abin da aka yi a ƙarshen 2017 babban aiki ne. Waɗanda suka fara ciyar da baƙin ma mazauna ƙauyukan Teknaf da Ukhiya ne, talakawa masu noma da kamun kifi, tun kafin manyan motocin hukumomi su iso. Da hukumomin suka iso, abin da kowa ke tsoro shi ne kwalara. Masana lafiya ba su manta da garin Goma ba, inda a 1994 kimanin 'yan gudun hijirar Ruwanda 50,000 suka mutu cikin wata guda, galibi saboda amai da gudawa da atini. A watan Oktoba na 2017 aka kawo maganin rigakafin kwalara na ɗigawa a baki har 900,000, aka bi bukka-bukka da shi, aka haƙa rijiyoyin burtsatse da masai dubbai. Ba a ga irin annobar Goma a Cox's Bazar ba.

Cutar da ta shammaci kowa ita ce mashaƙo. An ga mai ɗauke da ita na farko a watan Nuwamba na 2017, kafin a shawo kanta waɗanda ake zaton sun kamu sun haura 8,000, fiye da 40 suka rasu, galibinsu yara. Likitoci da yawa ba su taɓa ganin cutar ido da ido ba, maganin karya dafinta kuma ya yi ƙaranci a duniya baki ɗaya, saboda an ɗauka rigakafi ya gama da ita. Ɓullarta shaida ce a kan shekarun da yaran Rakhine suka yi ba a yi musu allurar da sauran yaran duniya ke samu. Mu da muka ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano a 2023 mun san abin da giɓin rigakafi ke jawowa.

An kuma magance wasu matsaloli da ba kowa zai kawo su a lissafin kula da yara ba. An kafa sansanin ne a kan hanyar da giwaye suka saba bi, kuma a watannin farko sun tattake mutane, har da yara, sai da aka kafa 'yan sintiri da hasumiyoyin tsaro. Neman itacen girki ya cinye dajin yankin, yara mata ne kuma ke yin doguwar tafiyar da ke jefa su cikin haɗari. Daga 2018 aka fara raba tukwanen gas, hayaƙi ya ragu a bukkoki, tsaunukan yankin suka fara yin kore. Duk waɗannan matsaloli ne masu iyaka: a gano su, a kawo kaya, a auna sakamako cikin wata shida. A irin wannan fage tsarin agajin gaggawa ba shi da na biyu.

Lissafin tukunya

Tun da an hana iyaye neman na kansu, abin da yaro zai ci ya rataya kacokan a wuyan Hukumar Samar da Abinci ta Duniya. Ana zuba wa kowane mutum kuɗi a kati duk wata, uwa ta je shagon da aka keɓe ta zaɓi shinkafa da mai da wake da albasa da busasshen kifi gwargwadon abin da katin zai ɗauka. Har zuwa farkon 2023 kuɗin dala 12 ne ga mutum ɗaya a wata, wato santi 40 a yini. A watan Maris na shekarar, saboda ƙarancin gudummawa, aka rage shi zuwa dala 10, a watan Yuni aka sake ragewa zuwa dala 8, kimanin santi 27 a yini.

Idan kuɗin kati ya ragu, uwa ba ta rage shinkafa, domin ita ce ke cika ciki. Ƙwai da kifi da ganye take sadaukarwa, su ne kuwa abin da jikin yaro ɗan shekara ɗaya ko biyu ya fi buƙata. Binciken abinci mai gina jiki da aka gudanar a ƙarshen 2023 ya nuna kashi 15.1 cikin ɗari na ƙananan yara suna fama da tamowa, adadi mafi muni tun isowar 2017, wanda kuma ya haura mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ɗauka a matsayin halin gaggawa. An maido da kuɗin zuwa dala 10 a Janairun 2024, ya kai 12.50 a watan Agusta. A watan Maris na 2025 hukumar ta sake sanar da cewa za ta zaftare shi zuwa dala 6. A tsakiyar wannan fargaba Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya António Guterres ya je sansanin ya yi buɗa-baki da 'yan gudun hijirar tare da Muhammad Yunus, shugaban gwamnatin riƙon ƙwarya ta Bangladesh na lokacin. Sai a ƙurarren lokaci aka samu kuɗi, ciki har da dala miliyan 73 daga Amurka, aka tsayar da rabon a dala 12. A daidai wannan lokaci Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar, wato UNICEF, ya ce yaran da aka karɓa saboda tamowa mai tsanani a watan Fabrairu na 2025 sun fi na Fabrairun 2024 da kashi 27 cikin ɗari.

Maganin tamowar sananne ne, kuma ƙasar Hausa na da hannu a tarihinsa. Ana auna damtsen yaro da ɗan tef mai launi, idan ya gaza santimita 11.5 sai a ba uwa ƙunshin haɗin gyaɗa da madara da sukari ta tafi gida da shi. A Maraɗi, lokacin yunwar 2005, aka nuna wa duniya cewa ana iya jinyar dubban yara ta wannan hanya ba tare da an kwantar da su a asibiti ba. Amma a nan akwai wani lissafi da ban ga hikimarsa ba. Ana rage kuɗin abincin gida, sannan a kashe abin da ya fi shi wajen jinyar yaron da ragin ya kayar. Kuma ko yaron ya warke, tsumburewar da ta same shi a kwana dubu na farkon rayuwarsa ba ta gyaruwa da ƙarin kuɗin da zai zo a baɗi.

Karatu

A nan ne zaton zaman ɗan lokaci ya fi yin ɓarna, don haka a nan zan fi daɗewa.

Tun farko gwamnatin Bangladesh ta hana a koyar da yaran da manhajarta ko da harshen Bangla. A farkon 2019 ma aka kori yaran Rohingya da suka saje a makarantun Teknaf, waɗanda da yawansu 'ya'yan tsofaffin sansanonin 1992 ne da aka haifa a Bangladesh. A ɗaya ɓangaren, babu izinin amfani da manhajar Myanmar. Sai hukumomin agaji suka ƙirƙiro wani tsarin koyarwa na wucin gadi, mai matakai, ga yara 'yan shekara 4 zuwa 14, a ɗakunan gora da ake kira cibiyoyin koyo, domin ko sunan makaranta ba a yarda a ba su ba. Yara na zuwa rukuni-rukuni, kowane rukuni ya yi kamar awa biyu ko uku ya tashi. Babu aji a ma'anar da muka sani, babu jarrabawar da wata hukuma ta sani, babu takardar shaida. Wanda ya wuce shekara 14 kuwa kusan babu abin da aka tanadar masa.

A watan Janairu na 2020 gwamnati ta amince a gwada manhajar Myanmar da ɗalibai 10,000 na aji 6 zuwa 9. Annobar korona ta rufe cibiyoyin na kusan shekara ɗaya da rabi, gwajin bai fara ba sai ƙarshen 2021. Ya zuwa Yulin 2023, UNICEF ta ba da sanarwar cewa yara kimanin 300,000 sun yi rajista a sabuwar shekarar karatu. Ci gaba ne na gaske, amma yana tafe da matsaloli uku da ba a warware ba.

Ta farko harshe. Manhajar da harshen Bama aka rubuta ta, wanda ba shi da dangantaka da harshen Rohingya. Harshen Rohingya ɗan'uwan karin harshen Chittagong ne, shi ya sa baƙin da masu masaukinsu ke jin juna. Akasarin malaman da aka ɗauka daga cikin sansanin su kansu ba su samu damar kammala sakandare a Rakhine ba, Bamancinsu kuma bai nuna ba. Malaman da aka ɗauka daga 'yan ƙasa ba sa jin sa sam. Harshen Rohingya yana da rubutunsa, wanda Mohammad Hanif ya tsara a shekarun 1980, aka kuma shigar da shi tsarin haruffan kwamfuta na duniya a 2018, amma bai zama harshen koyarwa ba. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban 'yan aji ɗaya yana koyar da su da harshen da shi da su ba su mallaka ba ya san abin da ake fama da shi.

Ta biyu shaida. Gwamnatin sojan da ta ƙwace mulki a Myanmar ranar 1 ga Fabrairu 2021 ita ce mai manhajar, kuma ba ta sa hannu a kan sakamakon yaran da sojojin ƙasar suka kora. Bangladesh ma ba ta sa hannu. Yaro zai yi shekara goma yana karatu ya fito da takardar da babu jami'ar da ta wajaba ta karɓa. Uba mai hankali yana yin wannan lissafi, kuma idan ya cire ɗansa ya sa shi dako a kasuwar sansani, da wuya a ce bai yi tunani ba.

Ta uku 'ya'ya mata. Da zarar yarinya ta balaga, yawancin iyaye kan tsare ta a gida, saboda al'adar kulle da kuma tsoron abin da zai same ta a lungunan sansanin. Inda aka buɗe azuzuwan mata zalla, da malamai mata, da wata dattijuwa mai rakiya, an ga 'yan mata sun dawo. To amma malamai mata da suka yi karatu mai zurfi ƙalilan ne, sakamakon hanin da aka yi wa iyayensu mata a Rakhine.

Akwai wani ɓangare da rahotannin hukumomi ba su cika ba shi haƙƙinsa ba. 'Yan Rohingya ba su zauna jiran a kawo musu karatu ba. Kusan kowace unguwa a sansanin tana da makarantar Alƙur'ani, yara na zuwa da asuba kafin cibiyoyin koyo su buɗe. Tsofaffin malaman Rakhine da matasan da suka gama sakandare sun kafa makarantunsu a cikin bukkoki, suna koyar da manhajar Myanmar tun kafin a ba hukumomi izini, iyaye na biyan ɗan abin da ya sawwaƙa. Iyaye da dama sun fi amincewa da waɗannan makarantu, domin a nan ne ake aji bayan aji, ake jarrabawa. A watan Disamba na 2021 hukumomin sansanin suka ba da umarnin rufe su, 'yan watanni bayan an harbe Mohib Ullah, malamin makaranta kuma fitaccen jagoran al'ummar, a ofishinsa ranar 29 ga Satumba. A ganina rufewar na daga cikin manyan kura-kuran da aka tafka a tarihin wannan agaji, kuma hukumomin agaji ba su ɗaga murya yadda ya kamata ba. Abu guda da al'ummar ta gina da hannunta, wanda ba ya jiran kasafin wata ƙasa, shi aka rushe.

Ranar da kasafin ya yanke kuwa ta zo. Bayan gwamnatin Amurka ta dakatar da akasarin tallafinta na ƙetare a farkon 2025, UNICEF ta yi gargaɗi a ƙarshen watan Mayu cewa karatun yara kimanin 230,000 na cikin haɗari. Aka sallami malamai 'yan ƙasa fiye da 1,100, a farkon Yuni aka rufe dubban cibiyoyin koyo. Malaman da aka sallama suka tare hanyoyi a Ukhiya suna zanga-zanga, abin da ke nuna cewa agajin ya zama hanyar cin abinci ga masu masaukin ma. An tsare kuɗin shinkafa, an saki na allo. Ba na zargin wanda ya yanke hukuncin, domin duk wanda aka ce ya zaɓa tsakanin ciki da karatu ya san abin da zai zaɓa. Abin zargi shi ne tsarin da ya sa ake wannan zaɓi a shekara ta takwas.

Abin da ke cike gurbin

Yaron da ba ya makaranta ba ya zama haka kawai. Ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai, musamman ARSA da RSO, suna gasar iko a sansanonin, ana garkuwa da mutane, ana fataucin ƙwayar da ake shigowa da ita daga Myanmar. Tun da faɗa ya sake ɓarkewa a Rakhine a watan Nuwamba na 2023 tsakanin sojojin gwamnati da mayaƙan Arakan Army, an samu rahotannin ɗibar matasa, har da waɗanda ba su kai shekara 18 ba, ana tsallakar da su fagen daga. 'Yan mata kuma aurar da su ake yi da wuri, wasu a sa su a jirgin ruwa zuwa Malesiya wurin mijin da ba su taɓa gani ba. Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar ta ce a 2023 kimanin mutum 4,500 suka hau teku, 569 suka mutu ko suka ɓace, akasarin matafiyan kuma mata ne da yara.

Bukkar gora da tamfol ma tana da nata haraji. Gobarar 22 ga Maris 2021 a Balukhali ta raba dubun-dubatar mutane da matsuguninsu, shingen waya mai ƙaya da aka kewaye sansanin da shi kuma ya hana wasu tsira da wuri. Ta 5 ga Maris 2023 ta cinye bukkoki kimanin 2,000. Duk damina tsaunukan na zaftarewa a kan masu barci. Bayan kowace gobara da gora da tamfol ake sake ginawa.

Kuɗin wa, na tsawon wane lokaci

Duk shekara Majalisar Ɗinkin Duniya da abokan aikinta kan fitar da shirin agaji na haɗin gwiwa su nemi kuɗi: dala miliyan 951 a 2018, miliyan 876 a 2023, miliyan 852 a 2024, miliyan 934.5 a 2025. Ba a taɓa cika abin da aka nema ba, na 2025 kuwa har tsakiyar shekara bai kai rabi ba. Amurka ce ta fi kowa bayarwa, sama da dala biliyan 2 tun 2017, don haka sauyin gwamnati a Washington ya isa ya rufe aji a Kutupalong. Shirin 2025 shi ne na farko da aka tsara na shekara biyu, amma alkawuran masu bayarwa ba su sauya zani ba.

Komawa gida, wadda aka jingina komai a kanta, ƙara nisa take yi. An ƙulla yarjejeniya da Myanmar a Nuwamban 2017, an shirya motoci a Nuwamban 2018 da Agustan 2019, ba wanda ya yarda ya hau ba tare da tabbacin zama ɗan ƙasa da tsaro ba. Tsibirin Bhasan Char, inda aka fara kai mutane a Disambar 2020, ya ɗauki kimanin 35,000 ne kawai. A Disambar 2024 Arakan Army ta kama Maungdaw, iyakar baki ɗaya ta fita daga hannun gwamnatin da aka yi yarjejeniyar da ita. Maimakon a ragu ma ƙaruwa ake yi: zuwa Yulin 2025 sababbin shigowa cikin wata 18 sun kai kimanin 150,000.

Ina ganin gyara uku za su yiwu ba tare da Bangladesh ta janye matsayinta na cewa baƙin za su koma ba. Na farko a cire karatu daga kwandon roƙon shekara-shekara a mayar da shi asusu mai wa'adin shekara biyar ko fiye. Akwai abin koyi: Bankin Duniya ya ware har dala miliyan 480 a 2018, ya kuma amince da wasu miliyan 700 a 2024 domin 'yan gudun hijirar da masu masaukinsu. Ƙasashen Musulmi ma suna da ƙofa a buɗe, domin tun 2019 Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta kafa asusun zakka wanda 'yan Rohingya ke cikin masu amfana da shi, kuma albashin malami na shekara biyar abu ne da waƙafi zai iya ɗauka. Na biyu a bar iyaye su yi sana'a, ko da a cikin sansanin ne, domin kati ya daina zama shi kaɗai ne tsakanin yaro da yunwa.

Na uku shi ne mafi arha, kuma shi ya fi jinkiri. A yi wa makarantun al'umma rajista maimakon a rufe su, a horar da malamansu, a fara koyar da ƙananan azuzuwa da harshen Rohingya kafin a shiga Bamanci. Sannan a samo mai sa hannu a takardar kammalawa. Tun da Myanmar ba za ta sa ba, Bangladesh kuma ba ta so, to wata hukumar jarrabawa ta ƙasa ta uku ko gamayyar jami'o'i za ta iya shirya jarrabawar ta tsaya wa sakamakonta, yadda ɗalibin da ya gama aji 12 a sansanin zai iya neman gurbi a Kuala Lumpur ko Istanbul ko Madina. Rukunin farko na ɗaliban manhajar Myanmar, waɗanda suka fara a ƙarshen 2021, sun riga sun iso wannan mataki.